Goma Sha Biyu Arewa, Biyar Yamma

Bari in fara da laifina tun kafin wani ya riga ni faɗa. A hutun damina, ranar kasuwar Tudun Wada, tazugen wandona ya tsinke ina ƙofar gida, ga mota tana ta hon a bakin titi, abokaina duk sun hau. Na koma zaure a guje ina riƙe da ƙugu, na ɗaga kai, sai ga igiyar kakana a rataye jikin ƙusa. Na yanki kamu ɗaya daga wutsiyarta, na mayar da ƙullin ƙarshe yadda na same shi, na haɗa tazugena da guntun, na kama mota. Ranar na sha rake har haƙorana suka nemi hutu. Ban sake tuna igiyar nan ba sai safiyar Talatar da ya rasu, a hutun Disamba, kuma wandon ne a jikina.

Igiyar awon kabari ce. Duk wanda aka binne a garinmu tun kafin a haifi babana, da ita kakana ya shata masa makwanci.

Baba Tsoho muke ce masa. Ya dawo daga masallaci da asuba, ya jingina da bangon zaure, ya ce a kawo masa koko. Kafin kokon ya huce ya cika. Ba jinya, ba wasiyya, ko tari bai yi ba. Gwaggo, babbar 'yarsa, ita ta kawo kwanon, kuma har hantsi ya ɗaga tana riƙe da shi, an rasa wanda zai karɓe shi daga hannunta.

Kafin ka ce me gari ya cika. Masunta suka bar jirage a bakin dam, suka zo da ƙarnin kifi a rigunansu. Wani tsoho ya tuƙo keke tun daga Ɗansoshiya, ya sauka, ya ce, "Ashe tsoho lokaci ya yi?" Sai ya zauna a ƙasa, bai ma ga tabarma ba. Wani Bafulatani da ban taɓa gani ba ya tsuguna a bakin zaure, ya ce shekarun baya Baba Tsoho ya bi shi har ruga a ƙafa ya auna wa mahaifiyarsa kabari, ko nono bai yarda ya sha ba sai da aka gama. Kowa ya yi addu'a ya shafa, sai ya sassauta murya ya yi tambaya iri ɗaya: "To yanzu wa zai auna mana?"

Ni kuwa ina gefe ina ƙirga takalma a ƙofar zaure. Ni da in aka nuna mini allura a asibiti ake jin kukana daga Kiru, ranar ko ɗigon hawaye. Na matse ido, na tuno duk bulalar da na sha a makaranta, shiru. Jikina kamar na aro. Ana ce mini, "Sannu da haƙuri, jikan tsoho," ina amsawa kamar mai amsa suna a aji.

Ina cikin haka sai Baffa, yayan babana, wanda yanzu shi ne babba a gidan, ya miƙa hannu ya sauko da igiyar daga ƙusa. Ya ce, "Da igiyarsa za mu auna masa. Na ga yadda yake yi ya fi sau ɗari. Ka bi inuwa, ka kai jan ƙyallen da ke jikinta, ka juya yamma har igiya ta ƙare." A nan na ji guntun da ke ƙuguna kamar an ɗaura mini maciji. Igiyar ba ta ƙarewa inda Baffa yake zato, kuma ni kaɗai na san haka.

Ina rubuta wannan a bayan littafina na lissafi, domin garin da aka haifi Baba Tsoho yana ƙarƙashin ruwa, kabarinmu kuma ba a rubuta masa suna. In ban rubuta ba, nan da 'yan shekaru za a ce wani tsoho ne mai igiya.

Ga yadda yake aikinsa. Igiyar ta zaren auduga ce, shi ya tufka ta da hannunsa, da ƙulli a kowane kamu. Kamu goma sha biyu, sai jan ƙyalle, sannan kamu biyar. In an yi rasuwa, sai ya je maƙabarta ya kafa sandarsa inda kan mamaci zai kwanta, ya jira rana ta take tsaka. Lokacin da inuwar sandar ta daina raguwa, arewa take nunawa. Sai ya shimfiɗa goma sha biyun a kan inuwar, ya kafa turke a jan ƙyalle, ya daidaita kwana da kusurwar tsohon allonsa, ya juya yamma da biyar ɗin, ya kafa wani turken. Daga sanda zuwa turken ƙarshe, wannan shi ne layin kabari. Wanda aka kwantar a kai, kansa a kudu, fuskarsa tana kallon alƙibla sak, gabas maso arewa. Ya ce mahaifinsa ne ya dawo da wannan ƙidaya, bayan ya je Makka a ƙafa ya dawo a ƙafa.

Bai taɓa yarda a kwaikwayi kabarin kusa ba. Yakan ce, "Kai ka kwaikwayi na kusa da kai ka kauce da yatsa ɗaya, na bayanka ya kwaikwaye ka ya kauce da yatsa ɗaya. Kafin a kai ƙarshen layi kun juya wa mutum fuska yana kallon kasuwar Kafin Maiyaki. Me zai saya a can?"

Shekarar da ruwan dam ɗin Tiga ya tashe mu, aka kawo mu sabon matsuguni da tituna miƙaƙƙu kamar an ja su da rula. Rasuwar farko da aka yi, Baba Tsoho yana gona, Baffa ya ce kada a ɓata lokaci, a bi layin titi, ai masu awon gwamnati da na'ura suka yi shi. An haƙa rami ya kai gwiwa sai ga tsoho da fartanya a kafaɗa. Ya dubi ramin, ya dubi titin, ya ce a cike.

Baffa ya ce, "Haba Baba, a gaban mutane? Gawa fa tana jira."

"Ta jira. Ita ba ta da sauran gaggawa, ku ne masu gaggawa. Titin nan Kano ya nufa. Wa ya ce maka Kano za a tashe ta?"

Aka cike ramin. Wata guda Baffa yana gaishe shi daga nesa, shi kuma yana amsawa kamar ba a yi komai ba, har ma yakan aike ni in tambayi Baffa ko titinsa yana lafiya.

Kifin dam kuwa bai taɓa sa shi a baki ba. Duk gari mun koma cin kifi, safe kifi, rana kifi, har awakinmu sun fara wari irin na tarwaɗa, shi kuwa sai tuwonsa da miyar kuka. In an matsa masa sai ya ce, "Wannan a tsakar gidana ya yi kiwo. Ba na cin maƙwabci." Da na girma kaɗan na gane ba tsakar gidan yake nufi ba. Iya, kakarmu, ta rasu shekara biyu kafin ruwan ya zo, shi ya auna mata, kuma tana can ƙarƙashin ruwan. Amma in na kamo kifi shi yake gasa mini, ya cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Ci, ɗan boko, ko kanka zai yi nauyi ya daina yawo."

Abu ɗaya ya ɗauko daga ɗakin Iya ranar tashi: dutsen niƙanta. Mutane suna loda gadaje da tukwane a mota, shi ya rungumo dutse. Ya kai shi can ƙarshen sabuwar maƙabarta, gefen da ake hango ruwa, ya dasa. Kowa ya san ma'anarsa. Nan kansa zai kwanta.

A hutun daminar nan da na faɗa, na dawo daga makarantar kwana kaina cike da sabon ilimi. Malaminmu na lissafi, wani Ba'indiye mai jifa da alli wanda bai taɓa kuskuren goshina ba, ya koya mana layukan da ke tafiya a jere, da yadda za ka fitar da layin da zai bi ta wani ɗigo yana jere da wani layin. Wata la'asar na raka Baba Tsoho cire ciyawa a gindin dutsen niƙan, na ga dama ta samu in nuna masa kuɗin makaranta ba a banza suke tafiya ba.

Na ce, "Baba Tsoho, aikin nan naka da kake ta shan rana, mu a layi ɗaya muke rubuta shi."

"To, shehun malamai. Rubuta mu gani."

Na tsinci kara na rubuta a ƙasa: y = mx + c. Ya sunkuya ya duba, ya ce wannan ai sawun kaza ne. Na ce x taku ne zuwa arewa, y taku ne zuwa yamma, m kuma ita ce karkatar layi, wato in ka yi gaba kaza, gefe nawa za ka kauce.

Ya ce, "Wato biyar a cikin goma sha biyu."

Mako biyu Ba'indiyen nan ya yi yana jifana kafin in gane abin da tsoho ya gane yana tsaye da lauje a hannu.

Don kada in ji kunya sai na ruga ƙofar maƙabarta na tako zuwa dutsen: taku ashirin da huɗu arewa, talatin yamma. Na dawo ina haki. Na ce biyar bisa goma sha biyu na ashirin da huɗu, goma ke nan. Cire goma daga talatin, saura ashirin. Na rubuta masa da manyan baƙaƙe: y = 5/12 x + 20. Na ce, "Ga kabarinka nan, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ja'iri, ka binne ni da kara! Ashirin ɗin fa ta mece ce?"

"Taka ce kai kaɗai. Kowane kabari da tasa lambar, gwargwadon inda yake. Biyar bisa goma sha biyun ce ta kowa da kowa. In ta canza, layi ya daina jere da 'yan'uwansa."

"Ta Iyarku nawa ce?"

"Sai na taka daga nan zuwa can."

Ya dubi ruwan. Ya ce, "Ka iya ninƙaya?"

Da na yi shiru a nan da an rabu lafiya. Amma bakina ba ya gajiya. Na ce, "Kuma malam ya ce layukan da ke jere ba sa haɗuwa. Ko za a ja su har ƙarshen duniya, ba za su taɓa haɗuwa ba."

Dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana goge laujen da gefen riga. Sannan ya ce, "Malamin naku tsawon kabarin ya duba. Ka ce masa ya duba inda fuskokin suke kallo." Ya miƙe ya yi gaba. Da muka iso gida, a ƙofar zaure ya ce, "Ni dai a kwantar da ni yadda na kwantar da ita. Kada a ƙara, kada a rage."

Kwana tara bayan wannan magana na yanki igiyarsa na ɗaure wando. Ba zan ce ban san amfanin biyar ɗin ba. Ni na rubuta ta a ƙasa da hannuna. Mota ce kawai take hon.

To, ranar Talata, rana ta kusa tsaka, muka tafi maƙabarta: Baffa da igiya, liman da sandar marigayi, maƙwabcinmu mai haƙan kabari da diga da shebur, sai mutane kamar ashirin a baya. Ni ina tafe ina lissafi a zuci. Biyar ta koma huɗu. A tsawon kabari guda bambancin bai wuce tafin hannu ba. Ba mai gani. Ƙasa za ta rufe, damina ta zo ciyawa ta rufe ƙasar. In na yi shiru, har in mutu ni jikan kirki ne. In na yi magana, a gaban liman da dattawan gari uku zan ce na yi tazuge da igiyar matattu. Na kuma san tafin hannun nan, in aka ja shi zuwa Makka, sai ya kai tsoho wata ƙasar da ba a aike shi ba, Iya tana kallon wani wuri, shi yana kallon wani.

Liman ya kafa sanda a gindin dutsen niƙa. Muka tsaya muna kallon inuwa tana janyewa. Da ta tsaya, liman ya ce, "Bismillah." Baffa ya shimfiɗa igiya, ya kafa turke a jan ƙyalle, ya juya yamma, igiya ta ƙare, ya kafa na biyu. Mai haƙa ya tofa yawu a tafinsa ya ɗaga diga.

Na ce, "Baffa, huɗu ce."

Muryar ba ta fita sosai ba. Sai da na sake.

"Mece ce huɗu?"

"Wutsiyar igiyar. Biyar ya kamata ta zama. Ku ƙirga."

Ya tsuguna ya bi ƙullin da yatsa. "Huɗu ne. To wa ya ce maka dā biyar ne?"

"Ni na yanke ɗayan."

Wani a baya ya ce, "Inna lillahi." Baffa ya ɗago a hankali. Idonsa ja, tun safe bai yi kuka ba shi ma. Ya ce, "Ka yanke ka kai ina?"

Na ɗaga rigata na nuna masa.

Ban san wanda ya fara ba. Wani ya yi tari irin na mai danne dariya, wani ya juya baya kafaɗunsa na rawa, tsohon nan na Ɗansoshiya ya toshe baki da hula hawaye na zubo masa, ban san na wanne ba ne. Baffa bai yi dariya ba. Na rufe ido ina jiran mari.

Liman ya ce, "A yi haƙuri, yaro ne. Kuma alƙibla jiha ce, ba ɗigo ba, Allah ba zai kama mu da tafin hannu ba. A haƙa kawai."

Baffa ya ce, "Allah gafarta malam, na san Allah ba zai kama mu ba. Amma mutumin nan ya sa na cike rami a gaban jama'a saboda abin da bai kai wannan ba." Ya miƙo mini hannu. "Ciro."

Mai haƙa ne ya ajiye diga a lokacin. Ya ce, "Tsaya, tsaya. Yaushe ka yanke ta?"

Na ce da damina.

Ya ce, "Ikon Allah. Watan da aka fara yankan gero na ƙarshe, kana makaranta, muka binne matar mai unguwa. Tsoho ya ja igiyar nan ta ƙare, sai na ga ya durƙusa ya ɗora damtsensa a ƙasa daga bakin igiyar, ya kafa turke a ƙarshen yatsunsa. Na zaci gwiwa ce ta gaza. Na ce, Baba lafiya? Ya ce, lafiya lau, wani ɗalibi nake gyara wa lissafi. Wallahi ban gane ba sai yanzu."

Wato ya sani. Na dawo hutu na yi kwana goma sha ɗaya a gabansa da wandon nan, ya gasa mini kifi sau uku, ya tambaye ni labarin Ba'indiye da allinsa. Yana da zare, yana da hannu, cikin yini ɗaya zai iya tufka wani kamun ya ƙara. Bai ƙara ba, bai kuma ce mini komai ba. Ko jira yake in kawo da kaina, ko so yake ya ga ranar da zan ƙirga, ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Na zaro guntun daga tazuge, ya yi baƙi da gumi. Baffa ya ƙulla shi a wutsiyar igiyar. Ƙullin ya cinye kaɗan daga tsawon, sai na ce a ninka igiyar a gwada da kamun da ke kusa, a cike gibin. Aka ninka, aka ƙara yatsa uku, aka matsar da turke. Baffa ya ce, "Ƙirga da ƙarfi kowa ya ji." Na ƙirga goma sha biyu, na ƙirga biyar, hannu ɗaya a igiya, ɗaya a ƙugu. Mai haƙa ya ja layi daga dutsen niƙa zuwa sabon turken, ya fara sara.

Wani ya ɓare mini ɓawon kalgo na ɗaure wando, da shi na yi sallar gawa. Baffa bai mare ni ba, ranar ko bayanta. A hanyar komawa gida ya dafa kafaɗata sau ɗaya, ya ɗauke hannunsa.

An sa Baba Tsoho a kabari bayan azahar, kansa a kudu daidai dutsen niƙan Iya, fuskarsa gabas maso arewa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya sada shi da wadda ya auna wa. Yau kwana tara, kukan bai zo mini ba tukuna. Gwaggo ta ce in bar matse ido, zai zo da kansa.

Igiyar ta koma ƙusarta a zaure, da ƙulli ɗaya mai muni a wutsiya wanda ba nasa ba. Shekaranjiya jaririyar wani masunci ta rasu, aka zo aka ɗauki igiyar. Baffa ya ce in bi su in ƙirga. Na bi su na ƙirga. Biyar ce.